Filasha, faifan LED ko fitilar zobe: wacce mai hoto a Maraɗi zai fara saye?

Ana saura sati uku Babbar Salla ƙanena ya shigo shago da yamma, ya zauna kan benci ya zaro wayarsa. Shekara biyu ke nan yana riƙe mini jaka a gidajen biki, yanzu ya samu tsohuwar kyamara ta kansa, yana son ya fara karɓar aiki. Ya nuna mini hotuna uku da wani ɗan kasuwa ya turo masa daga Kano: fitilar zobe irin ta masu kwalliya, faifan LED mai kusurwa huɗu, da filasha, wato fitilar nan mai walƙiya sau ɗaya ta mutu.

"Yaya, kuɗin da na tara guda ɗaya kaɗai za su saya. Wacce ka gani?"

Na ce masa kafin mu yi maganar fitila ya fara gaya mini inda zai yi aikin, domin ɗakin ne ke zaɓen fitilar. Shi da ni duk mun san ɗakin. Ɗakin amarya ne a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, wanda bai wuce mita uku da huɗu ba, gado ya cinye rabi, kabad da jeren kwanoni sun cinye rabin abin da ya rage. Taga ɗaya ce, an rufe ta da labule mai kauri. Bango kore ne ko ruwan hoda. Ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar silin, haskensa na saukowa tsaye yana zuba inuwa cikin kwarmin ido. Ƙawaye goma sun cika ɗakin, kowa gumi yake yi, kuma an ba ka minti goma kafin a zo ɗaukar amarya. Ga shi a kan babur za ka ɗauko kayan, kai kaɗai ko da yaro a baya.

Sai kuma wuta. Kaso mai yawa na lantarkin Maraɗi ta layin Katsina yake shigowa, kuma babu mai sana'a a garin nan da ya manta watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulkin watan Yuli, aka dinga samun wuta ɗan lokaci kaɗan ta sake tafiya na sa'o'i, sai a 2024 aka maido. Ko a lokacin da komai ke lafiya, a bazara wuta kan ɗauke daidai sa'ar da ka fi bukatarta. Saboda haka duk fitilar da ba ta aiki sai an jona ta a bango, ni ba na ƙirga ta cikin kayan yawo. Wannan kaɗai ya fitar da fitilu irin su Godox SL60W daga lissafin mai fara aiki. Fitila ce mai kyau, wat 60, haskenta fari irin na rana, amma ba ta da batir. A shago mai janareta ko sola tana da amfani. A gidan mutane, ranar da aka ɗauke wuta, kaya ne kawai ka ɗauko.

Fitilar zobe ba za ta ɗauke mu lokaci ba. An yi ta ne don fuska ɗaya da ke kusa, waya a tsakiyar zoben. Mai kwalliya da ke son nuna aikinta, ko mai sayar da atamfa da ke magana a TikTok, ta yi musu daidai. Da zarar mutum ya ja baya ya wuce taku biyu ƙarfinta ya faɗi. Haskenta kuma daga gaba yake zuwa kai tsaye, yana shafe inuwar da ke fito da ƙirar fuska, sai hanci da kumatu su zama shimfiɗe ɗaya. Mai tabarau kuwa zobba biyu farare za ka gani a idonsa. Idan goshi ya yi gumi, nan hasken zai taru ya yi fari fat. Na gaya wa ƙanena in matarsa ta fara sana'ar kwalliya ya saya mata, amma ba ita ce fitilar mai kyamara ba.

Gardamar gaske tsakanin LED mai batir da filasha take, kuma na san dalilin da ya sa zuciyar sabon shiga ke karkata wajen LED. Abin da idonka ya gani shi kyamara za ta ɗauka. Ka matsar da fitila, ka ga inuwar hanci ta motsa a gabanka. Babu rimot, babu lissafi. Tana taimaka wa kyamara ta kama ido a ɗaki mai duhu, kuma in an ce ka ɗauki ɗan bidiyo na shigowar ango, da ita za ka yi. Faifai irin Neewer 660 yana cin batir biyu na samfurin NP-F, ana juya launinsa daga 3200 zuwa 5600 a ma'aunin Kelvin, wato daga ja-ja irin na tsohon ƙwan lantarki zuwa fari irin na rana. Duk wannan gaskiya ne, ban raina shi ba.

Matsalarta ƙarfi. Bari in yi lissafin a fili, domin ranar da na fahimce shi na daina jayayya da kowa. Kyamara tana buɗe idonta na ɗan lokaci ƙanƙani ne, a ce kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Fitilar da ke ci kullum, ko da mai wat 60 ce, abin da ta zuba a cikin wannan ƙiftawar bai kai rabin jul ɗaya na makamashi ba. Sauran duk a banza yake zuba, yana ƙona batir yana ɗumama ɗaki. Ita kuwa filasha tara ƙarfinta take yi ta sake shi gaba ɗaya a daidai lokacin da idon kyamara yake buɗe, kuma ƙaramar filasha mai batir huɗu tana sakin jul wajen 60 a bugu ɗaya in an buɗe ta duka. Ko an yi la'akari da cewa LED ta fi iya mayar da wuta haske, ratar da ta rage ninki gommai ce. A aikace ga yadda abin yake a wurina: da filasha cikin laima, taku biyu daga fuska, ina aiki a ISO 200 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), buɗin lensi f/5.6, ƙiftawa 1/160, ƙarfin filasha a kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka. Da faifan LED da aka sa wa ƙyalle don ya yi taushi, a wuri ɗaya, sai na hau ISO 1600, na buɗe lensi har f/2.8, na rage ƙiftawa zuwa 1/60. A tsohuwar kyamara ISO 1600 yana kawo tsaki-tsaki a cikin inuwa, kuma fatarmu inuwa ce ke ba ta kyau. A 1/60, amarya ta ɗaga hannu ta gyara mayafi, lallen ya zama dishi-dishi. Walƙiyar filasha in an rage ƙarfinta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, saboda haka ko yaro mai ƙiriniya tsayar da shi take yi cak.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a kan kwali. Fitilar da ke ci kullum in tana da ƙarfi sai mutane su dinga runtse ido, dattawa musamman. Da damina da dare ƙwari take tarawa, su zagaye kan amarya. Batirinta kuma in an buɗe ta duka ba ya kai ka ƙarshen wuni, alhali manyan batiran NP-F970 guda biyu da cajarsu kuɗi ne na daban da mai sayarwa ba ya faɗa sai ka tambaya.

Launi ma abin dubawa ne. Fitilun LED masu arha da ba su da suna sukan ba da haske mai ɗan kore wanda ido ba ya lura da shi sai hoto ya fito. A farar fata ana iya gyara shi a kwamfuta. A baƙar fata toka-toka yake mayar da mutum, kamar wanda ya tashi daga jinya, jan lalle ya koma ruwan ƙasa, jan baki ya mutu. Ma'aunin da ake dubawa shi ne CRI, iyakarsa 100, kuma don hoton mutum kada ka sauka ƙasa da 95. Tun da kowa na iya buga lamba a kwali, gwajin da nake yi shi ne in ɗora tafin hannuna kan jan ƙyalle a ƙarƙashin fitilar in ɗauka, in fita waje inuwa in sake ɗauka, in jera hotunan biyu. Sannan in rage hasken fitilar zuwa ƙasa in ɗauki hoto da ƙiftawa mai sauri, in na ga layi-layi a hoton to fitilar tana ɓari, na bar ta. Filasha ba ta da wannan ciwon, haskenta yana kusa da na rana, wajen 5600, kuma yana ɗauke da dukan launuka.

To wace filasha? Wadda na ce ya saya ita ce Godox TT600. Kamfanin na Shenzhen ne a ƙasar Sin, kuma wannan tana cikin masu sauƙin kuɗi a filasoshinsa masu rediyo a ciki, wato waɗanda rimot ɗin da ke kan kyamara ke tayarwa daga nesa. Batir huɗu na AA take ci, ana rage ƙarfinta daga cikakke har zuwa kashi ɗaya cikin 128, kamfanin ya ce tana bugu wajen 230 da cikakken ƙarfi a caji ɗaya na batira masu kyau. Tun da a ɗaki ba ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu, adadin yana ninkuwa sosai, jeri biyu na batir su kai ka daga kamu har kai amarya. Kishiyarta ita ce Yongnuo YN560, ta uku ko ta huɗu, ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kuma ta yi wa masu hoto da yawa hidima. Abin da ya sa na fi karkata ga Godox shi ne gaba: rimot ɗin da ka saya yau shi zai tada manyan fitilunsu in Allah ya buɗa ka saya gobe. Ka sani dai rediyon Godox da na Yongnuo ba sa jin yaren juna, in ka shiga gida ɗaya ka zauna a ciki.

Ƙanena ya tambaye ni me ya sa ba zai ƙara kuɗi ya sayi mai auna haske da kanta ba, tsarin da ake kira TTL, irin TT685. Na ce masa ya tuna hoton ango. Ango ya sa farar shadda Getzner mai sheƙi, kyamara ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, fuskarsa ta nutse. Amarya ta lulluɓa da baƙin mayafi, kyamara ta ga duhu sai ta ƙara, goshi ya ƙone. Na'urar awon tana neman matsakaici ne kullum, mu kuwa aikinmu baƙar fata ce cikin farin kaya ko kaya masu walƙiya. Da hannu, sau ɗaya za ka daidaita a kan fuskar mutum na farko, in dai fitila ba ta motsa ba kuma wurin tsayuwa bai canza ba, hoto na hamsin zai fito kamar na ɗaya. TTL tana da ranarta, wajen mai bin taro yana gudu daga zaure zuwa tsakar gida. Ga mai zaunar da mutum ya ɗauke shi, kuɗin da za a ƙara gara a sa su a batir.

Batir ɗin nan shi ne inda na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi jeri biyu a wajen wani mai tebur, an rubuta musu 4800 a jiki a matsayin yawan cajin da suke ɗauka, kuɗinsu rabin na sauran. A gidan suna, hoto na talatin bai cika ba filasha ta fara ɗaukar numfashi mai tsawo tsakanin bugu da bugu, mai jego tana zaune da jariri a hannu tana jirana, ni ina kallon ƙaramar fitilar baya ina jira ta kama. Na ji nauyin matar nan ƙwarai. Daga baya na gane babu batirin AA mai caji da ke ɗaukar abin da ya kai haka, na gaskiya ba sa kaiwa 3000. Eneloop, wanda Sanyo ya fito da shi a 2005 kuma yanzu yake hannun Panasonic, 1900 kawai aka rubuta wa farinsa, baƙin kuma 2500, amma abin da aka rubuta shi ke ciki, kuma yana riƙe caji ko ya yi watanni a jaka. Wannan na da muhimmanci a garin da ba ka da tabbacin samun wuta daren jajibiri. Batirin rediyo na kan tebur kuwa kada ma ka fara, ba ya iya ba da wuta da saurin da filasha ke ja, kuma in ka manta shi a ciki zai yi ruwa ya ci ƙarfen.

Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi zai iya duba masu batirin lithium, irin Godox V850 ko V860. Batir ɗaya ne kamar ƙaramin sabulu, V860II tana bugu wajen 650 da cikakken ƙarfi, kuma cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta sake cika. Daɗin aiki ba a magana. Illarta ita ce ranar da batirin ya mutu ba za ka same shi a kasuwar Maraɗi da sauƙi ba, sai ka yi saƙo ka jira, alhali mai AA ko a Tibiri ko Madarunfa ya maƙale zai samu na alkalin da zai ƙarasa aiki. Lithium kuma ba ya shiri da zafi, kada a bar shi cikin jaka a kan babur a ranar watan Afrilu. Sama da waɗannan akwai AD200, mai jul 200, wajen ƙarfin ƙananan filasha uku, bugu 500 a caji. Ita ce burin kowane mai hoton biki, domin tana iya karawa da rana a tsakar gida kuma tana ɗaukar dangi ashirin a hoto ɗaya. Kuɗinta ya ninka na TT600 sau huɗu ko biyar. A ɗakin mita uku da huɗu ba za ka taɓa buɗe ko rabinta ba.

Filasha tsirara a kan kyamara ita ce ta ɓata wa filasha suna: goshi na ƙyalli, baƙar inuwa a bango kamar mutum na biyu. Sirrin shi ne a sauke ta daga kan kyamara a kuma faɗaɗa ta. Ƙa'idar guda ce, gwargwadon girman abin da haske ke fitowa daga gare shi da kusancinsa da fuska, gwargwadon taushin inuwa. Kan filasha bai fi akwatin ashana biyu ba, shi ya sa haskenta ke da kaifi. In ka harba ta cikin farar laima mai faɗin mita ɗaya, laimar ce ta zama fitila. Ga fatarmu wannan ya fi komai, domin baƙar fata tana nuna siffarta ne ta sheƙin da ke kwanciya a kanta. Ƙaramin haske yana barin ɗigo fari mai zafi a goshi da kan hanci. Babban haske yana shimfiɗa sheƙi mai laushi daga goshi ya gangaro kunci, sai ka ga fatar ta yi kamar an shafa mata man shanu. Kuskuren da nake gani wajen yara shi ne su ƙara ƙarfi don fuska ta yi haske, har su mayar da mutum launin da ba nasa ba. Gara ka matso da laimar da ka ƙara ƙarfi. Wata Hajiya a Sabon Gari ta taɓa tare ni a bakin ƙofa kafin in shiga, ta ce, "Ɗana, ɗiyata baƙa ce kyakkyawa, haka nake son in gan ta. Kada ka maido mini da wata." Har yau in ina daidaita haske maganarta nake ji.

Tsakanin laima da akwatin haske, wanda masu hoto ke kira sofbos, ga yadda nake auna su. Laima ta fi arha nesa ba kusa ba, ana buɗe ta cikin daƙiƙa biyar, in an naɗe ta tana shiga jaka ɗaya da sandar. Aibinta watsa haske take yi ko'ina, ya bugi koren bango ya dawo da kore a gefen fuska. Sofbos yana tura haske gaba kawai, bango ya zauna da duhunsa, launin fenti bai dame ka ba, amma ya fi tsada, ya fi nauyi, yana bukatar mariƙi na musamman irin S2, kuma a ɗakin da gado ya cinye wani lokaci babu inda za ka juya shi. Shawarata a fara da laima, irin wadda ke da baƙar riga da ake cirewa. In bango fari ne ka cire rigar ka harba ta cikinta. In bango mai launi ne ka mayar da rigar, ka juya cikin laimar ya kalli mutum, yawancin hasken da zai tsere ya tsaya. Kafin ka buɗe laima ka roƙi a kashe fanka na minti biyar, ko ka rataya jakarka a gindin sandar. Na ga filasha ta faɗi a siminti saboda iskar fanka, ƙafarta ta karye.

Inda za a kafa ta kuwa: gefe ɗaya, kamar rabin hanya tsakanin gaban mutum da kafaɗarsa, sama da kai kaɗan tana kallon ƙasa. In ka ga ɗan haske mai kusurwa uku ya sauka a kuncin da ke cikin inuwa, ka samu abin da ake kira hasken Rembrandt, sunan mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Ga mace mai ɗaurin kallabi ko namiji mai hula da rawani, sauke laimar kaɗan don kada inuwa ta rufe ido. Ka kuma riƙe wannan lissafin: in ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa in ƙawaye biyar suka jeru, ta kusa da laima ta ƙone ta nesa ta nutse. Maganinsa ja da fitilar baya ka ƙara ƙarfi, a nan ne za ka gode wa Allah da ba LED ka ɗauko ba.

Kada a sayi filasha ta biyu da wuri. Faifan mayar da haske, mai naɗewa mai fuska biyar, ya isa ya cike inuwar ɗaya gefen, kuma ba ya cin batir. Farar fuskar na fi amfani da ita, ta azurfa in ɗaki ya yi duhu sosai, ta zinariya kuwa takan sa fata ta yi ruwan lemo, ina barinta a naɗe. Wanda bai da kuɗinsa ya samu farin kwali ko farin zane yaro ya riƙe masa. Da rana ma faifan nan da ƙofar ɗaki kaɗai sun isa aiki. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin hotunansa da duniya ke kallo yau da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, da zane a rataye a baya. Da hunturu, in ƙura ta rufe rana, garin nan gaba ɗaya haske mai laushi ne kyauta. Sai dai harkar biki ba ta jiran rana, yawancinta bayan magariba ne. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da filasha ya bi matasa wuraren rawar dare a shekarun 1960, don babu wata hanyar.

Rimot yana da tarko guda da ya kamata a sani kafin a tura kuɗi. Na Godox, irin X2T, kowane da kyamararsa: mai harafin C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony. Sannan wasu ƙananan kyamarorin Canon, 2000D da 4000D da 250D, an yi su babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, saboda haka filasha mai fil ɗaya ba ta tashi a kansu, rimot ma sai wanda manhajarsa ta dace. Irin waɗannan kyamarori suna hannun masu farawa da yawa. In da hali ka je da kyamararka a gwada a gabanka. In saƙo za ka yi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ka sa mai sayarwa ya gwada a irin taka ya turo maka bidiyo. Wanda kuɗinsa bai kai rimot ba zai iya lallaɓawa: TT600 da YN560 duk suna da idon da ke ganin walƙiyar ƙaramar filashar kan kyamara su tashi tare, a sa su a saitin S2 da ke jikin filashar. A cikin ɗaki yana aiki lafiya, sai dai in wani mai kyamara ya shigo, duk bugun da ya yi taka ma za ta tashi. Ƙiftawar kyamara kuma kada ta wuce 1/200 a yawancin kyamarori, in ba haka ba baƙin layi zai yanke hoton. Cajar da ta zo daga Kano sau da yawa mai baki uku ce irin ta Ingila, mu kuwa soket ɗinmu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, a haɗo da adafta.

In ta hannu za ka saya, buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa. Duba gilashin gaba, in ya yi rawaya ko ya narke an gallaza mata. Buga ta da cikakken ƙarfi sau biyar ka ƙirga, da batir mai kyau bai kamata ta wuce daƙiƙa uku kafin ta sake cika ba. Sabuwa ma tana da iyaka, in aka yi mata bugu wajen 30 a jere da cikakken ƙarfi takan ja birki don kada ta ƙone, kuma a zafin Maraɗi gara ka zauna a ƙananan lambobi.

Akwai waɗanda zan ce su bar filasha su sayi LED, kuma da gaske nake. Wanda da waya yake aiki, domin waya ba ta tada filasha ta hanyar da aka saba. Wanda rabin aikinsa bidiyo ne. Da wanda ya fi yin hoton jarirai ranar suna, inda iyaye mata da yawa ba sa son walƙiya kusa da ɗansu, kuma haƙƙinsu ne. Irin waɗannan su nemi mai ido ɗaya mai ƙarfi da ke karɓar batir, kamar Godox ML60, maimakon faifai mai ƙananan ƙwayaye, don ita ana iya sa mata laima ko sofbos. Su shirya kashe kuɗin da ya fi na filasha, su kuma nemi lensi mai buɗewa sosai, irin 50mm f/1.8.

Ƙanena ya sayi TT600 ɗaya, rimot, sanda mai ƙafa uku ta mita biyu, mariƙin laima, laima mai riga, batir takwas da caja. Kuɗinsa ba su kai ga faifan mayar da haske ba, ya yanko farin kwali daga shagon mai firiji. Duka kayan sun shiga tsohuwar jakar tabarma da ya rataya a baya. Ranar Salla da la'asar ya kira ni daga wani gida a Mokoyo, wuta ta ɗauke tun azahar, maigidan yana zaure da babbar riga yana jira a ɗauke shi da jikokinsa.

"Yaya, fuskar Alhaji ta yi daidai, amma rigar ta ƙone, aikin wuyan ba ya fitowa."

Na ce ya ɗaga laimar sama kaɗan, ya karkatar da ita ta fi kallon fuska, ya rage ƙarfi daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin takwas, ya matso da ita taku ɗaya. Na ji ƙarar bugun ta cikin waya, sai shiru, sai muryar dattijon daga nesa yana cewa a kawo ya gani.